Waiwaye: yadda aka buɗe mana ƙofar sitidiyo muka ga aikin faifan Pink Floyd

Da can in mawaƙan rock suka fitar da faifai, abin da mai saye ke samu shi ne faifan da kwalinsa, shikenan. Waye ya yi me a cikin sitidiyo, wa ya kwana yana haɗa sauti, ba mai gaya maka, sai dai ka bi ƙananan sunaye a bayan kwali in ma an sa. An ɗan leƙa a 1970 da fim ɗin Let It Be na Beatles wanda aka ɗauka a Janairun 1969, amma shi kyamara kawai aka kafa musu ana kallonsu suna gwaji suna saɓani, ba zama aka yi aka warware aikin ba.

Shirin Classic Albums ne ya canza lamarin. Asalinsa na rediyo ne a BBC, sai a 1997 ya dawo na talabijin, kuma ya faɗo daidai lokacin da DVD ke shigowa kasuwa, don haka mutum zai saya ya kai gida ya kalla son ransa, har da ƙarin hirarrakin da ba a nuna a talabijin ba. Dabararsu ɗaya ce kuma ita ce ta ja ni: a ɗauko ainihin tef ɗin da aka naɗi waƙoƙin, a zaunar da masu aikin gaban na'urar haɗa sauti, a kashe komai a bar murya ita kaɗai ko ganga ita kaɗai, ka ji abin tsirararsa.

A 2003 suka yi na The Dark Side of the Moon, faifan ƙungiyar rock ta Pink Floyd, lokacin faifan ya cika shekara 30. Shi dai faifan ya fito a Maris 1973, an naɗe shi a sitidiyon Abbey Road da ke Landan tsakanin 1972 da farkon 1973, kuma ya yi mako 741 a jerin Billboard na faya-fayan da suka fi kasuwa a Amurka daga 1973 zuwa 1988, an sayar da sama da miliyan 45. 'Yan ƙungiyar dukkansu huɗu sun yi magana a shirin, Roger Waters, David Gilmour, Richard Wright da Nick Mason, amma kowa zamansa daban don Waters ya bar ƙungiyar tun 1985 kuma ba a rabu da daɗi ba.

To ni inda abin ya fi kama ni shi ne wahalar da aka sha. Babu kwamfuta fa, layin naɗar sauti 16 kawai gare su a tef. Wannan ƙarar kuɗin da ke buɗe waƙar Money, Waters ne ya naɗi ƙarar tsabobi da sauran tarkace a wani ɗan ɗaki a bayan gidansa, aka yanka tef da reza gunduwa-gunduwa tsayi ɗaya, guda bakwai saboda bugun waƙar bakwai ne, aka liƙe su aka yi zobe, zoben ya yi tsayi har sai da aka zagayo da shi ta jikin sandar makirfo yana juyawa. Agogunan da ke kaɗawa a farkon Time kuma injiniya Alan Parsons ne ya je shagon tsoffin kaya ya naɗo su, tun kafin ma a san za su shiga faifan. Ranar haɗa sauti hannu biyu ba sa isa, sai kowa ya kama nasa maɓalli a tura tare, wanda ya yi kuskure a koma farko. Akwai inda Wright ya zauna gaban fiyano yana nuna wani sauti da ya ce daga makaɗin jazz Miles Davis ya jiyo shi, a hankali yake bugawa yana bayani, wallahi wannan wajen kaɗai ya isa a sayi DVD ɗin, balle da ya rasu a 2008.

Gaskiya amfanin irin waɗannan finafinai a wurina shi ne suna sa ka fara tambayar su waye ke bayan fage. Parsons albashin ma'aikacin sitidiyo kawai yake karɓa a lokacin, duk da har an sa sunansa a takarar lambar yabon waƙa ta Grammy saboda aikin. Muryoyin mutanen da ake ji suna magana jefi-jefi a cikin faifan, har da na mai gadin Abbey Road, Gerry O'Driscoll, tambayoyi aka rubuta a kati aka ba su suna amsawa, an ma yi da Paul McCartney na Beatles amma ba a sa nasa ba.

Sai kuma mawaƙiya Clare Torry. An kira ta a Janairun 1973 ta zo ta rera The Great Gig in the Sky, ba baiti ba kalma, daga kanta ta ƙirƙiro abin nan da ke sa tsigar jiki tashi, aka ba ta fam 30 ta tafi gida, ba ta ma tabbatar an yi amfani da shi ba sai da ta ga sunanta a kwalin faifan a shago. Shekara ɗaya bayan fitar wannan bidiyo, a 2004, ta kai ƙarar ƙungiyar da kamfanin faifai na EMI kan haƙƙinta, aka sasanta a wajen kotu a 2005, kuma tun daga nan duk bugun da aka sake yi sunanta na nan kusa da na Wright a matsayin waɗanda suka tsara waƙar.