A bar yara su gani da idonsu: kira ga iyaye da malamai kan ziyarar gidajen kimiyya

Assalamu alaikum iyaye, malaman makarantun boko da na allo, da shugabannin ƙungiyoyin mata na yankinmu.

Mu ma'aikatan lafiya da ke zagaya unguwannin Garwa ta Kamaru da ƙauyukan bakin Binuwai mun saba da wani abu guda. Za mu tara jama'a mu yi bayani kan wanke hannu da tace ruwa da kwana cikin gidan sauro, kowa ya ce ya ji, amma da damina ta kankama sai gudawa da zazzaɓi su dawo gidajen da muka baro. Ban ɗauki wannan a matsayin taurin kai ba, domin abin da muke gargaɗi a kansa abu ne da ido ba ya gani, kuma da wuya mutum ya ji tsoron ruwan da yake gani garai-garai a cikin randa, wanda iyayensa da kakanninsa suka sha. Yaron da aka nuna wa abin da ke motsi a cikin ɗigon ruwan kududdufi kuwa, ba ya buƙatar dogon wa'azi, har ma shi ne ke komawa gida ya matsa wa uwarsa ta tace ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa ma'aikacin lafiya yake da ta cewa game da gidajen kimiyya da ake barin yara su taɓa kaya da hannunsu.

Gidan tarihin da yawancinmu muka sani wuri ne da ake jera kaya a bayan gilashi, mai gadi yana tsaye yana hana taɓawa. Waɗannan gidaje akasin haka aka gina su. A Paris, masanin kimiyya Jean Perrin ya kafa Palais de la découverte a 1937 domin a riƙa yin gwaji a gaban jama'a maimakon a ba su labarinsa. A 1969 Frank Oppenheimer, wanda ya taɓa koyar da kimiyya a makarantar sakandare, ya buɗe Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka, inda aka ƙera kayan domin baƙo ya juya su, ya ja su, ya yi kuskure ya sake gwadawa. Daga baya aka buɗe Cité des sciences a Paris a 1986, mai sashe na musamman don ƙananan yara, sannan Sci-Bono a Johannesburg ta Afirka ta Kudu a 2004. A irin waɗannan wurare yaro zai murɗa hannun inji ya ga fitila ta kama, ya tare ruwa a magudana ya ga inda zai karkata, ya kai maganaɗisu kusa da ƙusa da tsinke ya ga wanne zai manne, sannan ya leƙa madubin likita.

Duk wanda Allah Ya hore masa tafiya da iyalinsa zuwa garin da ke da irin wannan gida, ina ba shi shawara ya ware wa ziyarar lokacinta, kada ya mai da ita abin da za a tsaya a kai bayan an gama kasuwa yara sun gaji. Kuskuren da manya suka fi yi shi ne son a zagaye ko'ina. Gara yaro ya daɗe a kan abu biyu ko uku yana maimaita su har ya gane dalilinsu, da a ja shi da hannu ɗaki bayan ɗaki ya fito bai riƙe komai ba. Haka kuma kada babba ya yi saurin ba da amsa. Ya tambayi yaron abin da yake tsammani zai faru kafin ya taɓa, bayan ya taɓa kuma ya tambaye shi abin da ya gani. In tambayar yaro ta fi ƙarfin babba, babu abin kunya a kira ma'aikacin wurin, aikinsa ke nan.

Sai dai ba kowane gida ne zai iya wannan tafiya ba, kuma ba sai an jira ta ba. A kusa da mu akwai madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka kammala a 1982, inda yaro zai ga yadda ruwan Binuwai yake zama wutar lantarkin da ke haska Garwa da Marwa. Akwai gidan namun daji na Garwa, akwai gidan tarihi na ƙasar Cadi a Injamena ga waɗanda ke Kusiri da tsallaken kogi. A ganina dai wurin da ya fi duka amfani ga lafiyar yaro shi ne ɗakin gwaji na asibitin gundumarsa. Da madubin likita ne wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jinin majinyaci a garin Constantine na Aljeriya a 1880, sannan Ronald Ross ya gano ta a cikin cikin sauro a Indiya a 1897. Yaron da ya leƙa ya ga wannan ƙwaya a kan gilashin da ma'aikaci ya riga ya busar ya rina, ya ga abin da duniya ta yi dubban shekaru tana fama da shi ba ta san kamanninsa ba. Sharaɗi shi ne a nemi izinin shugaban asibiti tun da wuri, a zo da yara kaɗan-kaɗan bayan an sallami marasa lafiya, kuma kada yaro ya taɓa jini ko allura ko kwandon shara na ɗakin.

Makaranta ma za ta iya ware kusurwa guda ta zama nata ɗan gidan kimiyya, da kayan da ba su wuce kwalba da sabulu da ƙyalle ba. Gwajin da na fi so a fara da shi shi ne na tsutsar sauro. Babba ya ɗebo ruwa daga tsohuwar taya ko kwatami ko sawun shanu da ruwa ya kwanta a ciki, ya zuba a kwalba mai haske, ya rufe bakinta da guntun gidan sauro ya ɗaure tam. Yara su riƙa dubawa kowace safiya suna zana abin da suka gani. Za su lura cewa wasu tsutsotsin suna rataye ne kai ƙasa, wasu kuma suna kwance a miƙe daf da saman ruwa, kuma waɗannan na kwancen su ne 'ya'yan sauron da ke ɗauke da zazzaɓi. A zafin ƙasarmu, cikin mako ɗaya zuwa biyu sauro zai fito ya manne a jikin ƙyallen. Kada a buɗe kwalbar a sake shi. A ajiye ta cikin rana har ya mutu. Bayan wannan, ba sai an roƙi yara su kife gwangwanaye da tayoyin tsakar gida ba.

Na biyu shi ne na ruwan tafki da ƙyallen tacewa. In aka ɗaga kwalbar ruwan tafki a haske, sau da yawa ana ganin ƙananan halittu kamar ƙura suna zabura. Wasu daga cikin irinsu ne ke ɗauke da ƙwayar kurkunu, wadda ke shafe kusan shekara a jikin mutum kafin tsutsar ta ɓullo, tsawonta ya kan kai mita guda, kuma babu magani ko rigakafinta. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3.5 ne ke kamuwa da ita a shekara, yanzu ta kusa ƙarewa a duniya, amma Cadi na cikin ƙasashe kaɗan da ba ta bari ba. A tace ruwan da ƙyalle mai ƙananan ido, a bar yara su duba abin da ya rage a kai. A kuma gaya musu gaskiya cewa ƙyalle ba ya tare duk ƙwayoyin kwalara, don haka tafasawa ko sa maganin ruwa yana nan a wajibi. Yaro kuma ba ya shiga tafki don ɗebo ruwan gwaji, domin ƙwayar tsargiya ta fata take shiga; babba ne zai ɗebo da ludayi mai dogon hannu.

Game da wanke hannu, akwai gwajin da ya yaɗu a wayoyi inda ake barbaɗa yaji a kan ruwa, a sa yatsa mai sabulu sai yajin ya watse. Yana burge yara, amma ba ya nuna yadda sabulu ke cire datti, kuma ya kan sa su ɗauka cewa ƙwayoyin cuta gudu suke yi da zarar sun ji sabulu. Ya fi kyau a shafa wa yaro ɗaya man gyaɗa da garin gawayi a tafin hannu, ya gaisa da na kusa da shi, wannan ma ya gaisa da na gaba, a ga inda baƙin zai tsaya. Sannan wasu su wanke da ruwa zalla, wasu da sabulu suna cuɗawa aƙalla daƙiƙa 20, a goge hannuwan da farin ƙyalle a kwatanta.

Ita kanta fitar da yara tana da ƙa'idojin lafiya. A guji watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Garwa da Marwa da Injamena. Watannin sanyi sun fi dacewa, kuma a fita da sassafe. Kowane yaro ya riƙe gorar ruwansa, a tafi da sabulu da ƙunshin gishiri da sukari na gudawa, a wanke hannu bayan an taɓa kayan da ɗaruruwan hannaye suka taɓa, kafin a ci abinci. Yaron da ke zazzaɓi ko tari ko ƙuraje ko jan ido ya zauna a gida, domin ƙyanda ba ta buƙatar fiye da mota guda cike da yara. A raba su rukuni-rukuni, kowane babba ya san sunayen waɗanda ke hannunsa, a ƙirga su a shiga, a ƙirga su a fita. A ja musu kunne kada su kalli rana ta cikin gilashin ƙara girma, domin yana ƙona ido nan take.

Ina kuma roƙon iyaye maza kada a tsame 'yan mata daga waɗannan ziyarori da hujjar aikin gida. Su ne ke ɗebo ruwa, su ne ke goyon ƙanne da ba su abinci, don haka hannunsu ne ya fi kusa da randa da kwano. Inda ake da damuwa kan tafiyarsu, a nemi malama ko uwa biyu daga ƙungiyar iyayen yara su raka su. Makarantar da ke son farawa ta rubuta wa shugaban asibitin yankinta takarda ta nemi rana, ta kuma tuntuɓi ma'aikacin lafiyar unguwa, wanda zai iya zuwa da ƙyallen tacewa ya tsaya tare da malami ranar gwajin farko. Gwajin tsutsar sauro a ajiye shi sai ruwan farko ya kwanta a watan Yuni.