Tambolar Balaguron Jirgin Ruwa Don Agaji a Amurka: Abin da Doka ta Ce da Harajin da ke Jiran Mai Nasara

A Amurka ƙungiyoyin agaji sun saba tara kuɗi ta hanyar tambola, wato a sayar wa jama'a tikiti, a zuba rabinsa a cikin akwati, ranar taro a zaro ɗaya, mai shi ya tafi da kyauta. Cikin kyaututtukan da suka fi jan hankali akwai balaguron shaƙatawa na mako guda a katafaren jirgin ruwa, daga Mayami zuwa tsibiran Karibiyan ko daga Siyatil zuwa Alaska. Yanzu da ƙungiyoyin 'yan uwanmu mazauna can suka fara sha'awar wannan hanya, maganganu biyu ne ke yawo: wasu na cewa tunda don taimako ake yi babu ruwan hukuma, wasu kuma na cewa duk wanda ya shirya ta gidan yari zai kwana. Duka biyun ba daidai ba ne.

A idon dokar Amurka, duk inda abubuwa uku suka haɗu, wato biyan kuɗi, da dogaro ga sa'a, da kyautar da za a ci, to an yi caca, kuma kyakkyawar niyyar masu shiryawa ba ta sauya mata suna. Abin da yawancin jihohi suka yi shi ne buɗe wata ƙofa ga ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, irin su makarantu, wuraren ibada da ƙungiyoyin jinƙai masu rajista, bisa sharuɗɗa. Alabama da Hawai da Yuta ba su buɗe wannan ƙofa ba. Mai karatu Musulmi ya san hukuncin caca a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, kuma izinin gwamnati ba ya amsa wannan tambaya. Wurin malamai ake kai ta. Bayanin nan ya taƙaita ne ga dokar ƙasa.

Kalifoniya misali ce mai kyau, domin dokarta a bayyane take. Sashe na 320.5 na kundin laifuffukan jihar, wanda ya fara aiki a 2001, ya ce dole ƙungiya ta cika aƙalla shekara ɗaya da samun izinin aiki a jihar, ta yi rajistar tambolar a ofishin Antoni Janar kafin ta sayar da tikiti ko ɗaya, sannan ta kai rahoto bayan an gama, sai dai an ɗauke wa wasu, irin su ƙungiyoyin addini, wajibcin rajista da rahoton. An yarda a yi talla a intanet, amma ba a yarda a sayar da tikiti ta nan ba, kuma dokar tarayya ta hana aika tikitin ta gidan waya. Wanda rajista ta wajaba a kansa ya tsallake ta ya shirya haramtacciyar caca ke nan, ƙaramin laifi ne mai iya jawo tara ko ɗauri na 'yan watanni, wanda cike takarda a kan lokaci yake kauce masa.

Sharaɗin da ya fi tsauri shi ne cewa kashi 90 cikin 100 na duk kuɗin tikiti dole ya tafi ga aikin alheri. Idan ƙungiya ta tara dala 20,000, dala 2,000 kaɗai za ta iya taɓawa don ɗawainiya, kuma wannan ba zai sayi balaguro mai tsada na mutum biyu ba, don haka sai dai wani kamfani ko attajiri ya ba da kyautar, ko a saya da kuɗin da ba na tikiti ba. A ganina wannan sharaɗi adalci ne, domin yana toshe hanyar masu fakewa da marayu su cika aljihunsu. Sai dai dokar ta kuma hana kashe kuɗin a wajen Kalifoniya, saboda haka ƙungiyar da ke son haƙa rijiyar burtsatse ko gyara asibiti a garinsu na asali ba za ta iya yin hakan da kuɗin tambolar jihar ba.

Inda aka fi samun ruɗani shi ne haraji. Masu sayar da tikiti kan gaya wa mutane cewa za a rage musu kuɗin a harajinsu na shekara kamar sauran gudummawa, amma hukumar haraji ta tarayya, IRS, ba ta ɗauki kuɗin tikitin tambola a matsayin sadaka ba, domin mai saye ya sayi damar cin wani abu ne. Faɗin akasin haka yaudara ce, ko da ba da gangan aka yi ba.

Shi kuwa wanda ya ci, hukumar tana lissafa balaguron a matsayin kuɗin shiga gwargwadon farashinsa a kasuwa, ko da kyauta kamfanin jirgin ya bai wa ƙungiyar. Idan darajar kyautar, bayan an cire kuɗin tikiti, ta haura dala 5,000, wajibi ne ƙungiyar ta riƙe kashi 24 cikin 100 ta miƙa wa hukuma, ta kuma cike fom mai suna W-2G. To, ba a iya yankar kashi 24 daga ɗakin kwana a jirgi, don haka mai nasara ne zai kawo tsabar kuɗi daga aljihunsa. A ce balaguron ya kai dala 8,000, tikiti kuma dala 50: za a nemi dala 1,908 a hannunsa. Idan ƙungiyar ta ce ita za ta biya masa, kason yana hawa zuwa 31.58 cikin 100, wato kimanin dala 2,511, saboda harajin da aka biya masa shi ma kuɗin shiga ne a lissafin hukuma. Wannan kashi 24 kuma kafin alƙalami ne kawai. A ƙarshen shekara za a duba dukan abin da ya samu, ko a mayar masa da wani abu ko a nemi ƙari, ban da harajin jiha inda ake karɓa. Baƙon da ba mazaunin Amurka ba galibi kashi 30 ake cire masa.

Na fahimci hujjar hukuma, cewa riba riba ce ko ta zo a kuɗi ko a kaya, amma nauyin yana faɗawa ne a kan mai ƙaramin ƙarfi. Direban tasi ko mai aikin jinya da ya sayi tikiti don ya taimaka, ya wayi gari ana binsa kusan dala 2,000 kan tafiyar da sau da yawa ba zai iya sayarwa ba, domin kamfanoni kan rubuta suna da iyakar lokaci a kanta. Ga kuma kuɗin jirgin sama zuwa tashar ruwa, da kuɗin tasha, da ihsanin ma'aikatan jirgi, waɗanda galibi ba sa cikin kyautar. Yana da damar ya ƙi karɓa tun farko, kuma idan ya ƙi babu haraji a kansa. Ƙungiyar da ke son kyautar ta yi amfani sai ta rubuta ainihin darajar balaguron a jikin tikiti, ta bayyana wanda zai biya harajin, ta kuma tanadi zaɓin karɓar kuɗi a madadin tafiyar tun kafin ta fara sayarwa.