Waiwaye: Yadda "ta" ta tara ma'anoni a Turancin Birtaniya

A kantuna da motocin haya na Ingila, ɗaya daga cikin kalmomin godiya da ake yawan ji ita ce "ta", a ja wasalin, taa. Ƙamusoshin Turanci sun kai tarihin wannan godiya zuwa 1772, kuma mafi yawan masana sun ce daga bakin yara ta fito, don harshen ƙaramin yaro ba ya iya ɗaukar cikakkiyar kalmar godiya. Akwai masu jingina ta da "tak" ta mutanen Denmark, sai dai hujjarsu ba ta da ƙarfi. Daga Birtaniya ta bi 'yan ƙaura zuwa Ostireliya da New Zealand, amma ba ta kama ƙasa a Amurka ba.

Godiya ce ta ƙaramin abu: an miƙo maka canji, an riƙe maka ƙofa. Wanda ya sa ta a takardar neman aiki, ko ya faɗa wa wanda ya yi masa babban alheri, ya yi ƙwauron baki.

A Yorkshire kuwa akwai wata "ta" gajera, wadda ta girmi waccan. Ragowar tsohon wakilin suna ce, "thou", wato kai ko ke. Daidaitaccen Turanci ya yar da shi tun wajen ƙarni na 17, arewacin Ingila ya riƙe shi a matsayin "tha". In ya biyo bayan aikatau a tambaya sai ya koma "ta", kamar "hasta", wato kana da, ko "wilta", za ka. Da shi ake yi wa yaro ko aboki magana. A da, in yaro ya jefa wa dattijo shi, raini ne, kamar dai a ce wa babba "kai" inda "ku" ta dace. Yanzu sai a bakin tsofaffi aka fi jin sa.

In aka ninka, "ta-ta" sallama ce, mutanen Liverpool da Birmingham su ce "ta-ra".

A rubuce, girman harafi ne alƙali. TA da manyan haruffa ta daɗe tana nufin rundunar sojojin sa-kai ta Birtaniya, Territorial Army, wadda aka kafa a 1908, ta samu wannan suna a 1921, aka kuma sauya mata shi a 2014, ko da yake tsofaffin sojoji ba su daina cewa TA ba. A makarantu tana nufin mataimakin malami, teaching assistant, kuma nan ake yawan tuntuɓe: a firamaren Ingila ma'aikaci ne mai taimakon yara a aji, a jami'ar Amurka kuwa ɗalibin digiri na biyu ko na uku ne mai duba takardun jarrabawa. Mai cika takardar neman aiki gara ya rubuta sunan muƙamin a cike.

Ta, babban harafi da ƙarami, alamar sinadarin tantalom ce, mai lamba 73, wanda Anders Ekeberg na Sweden ya gano a 1802. Daga dutsen tantalait ake samun sa, irin wanda ake haƙa a jihar Nasarawa, kuma yana cikin kayan haɗa wayoyin salula.