Waiwaye: yadda kuɗin maganin ciwon hanta na C ya sauko

A nan Yamai in aka ce ciwon hanta kowa B yake tunawa, shi kuwa C shiru yake cin mutum shekara da shekaru har hanta ta ƙandare, kuma ba shi da allurar rigakafi irin ta B. Sai 1989 ma aka gano ƙwayar cutar a Amurka. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi allurar intaferon ce da ƙwayar ribabirin, kusan shekara guda ana soka ma mutum duk sati, ga zazzaɓi ga kasala, kuma wajen rabi ne kawai ke warkewa.

A Disamban 2013 kamfanin Gilead ya fito da Sovaldi, wato sofosbubir, ƙwaya ɗaya kullum sati 12. Ba ma su suka ƙirƙiro shi ba, kamfanin Pharmasset suka saye a 2011 kan dala biliyan 11, suka gaji bureben maganin, takardar mallakar da ke hana wani yin irinsa tsawon shekara 20. Sai suka sa kuɗi dala 84,000, ƙwaya ɗaya dala 1,000. Dalar Amurka fa nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba, in ka juya ya haura sefa miliyan 40, kuɗin gida sukutum.

Masar ce ta fara tsaya musu. Can cutar ta yi muni saboda allurar tsargiya da aka dinga yi ma mutane da sirinji ɗaya shekarun baya, to a 2014 suka ƙi ba da bureben, aka daidaita kan dala 900, daga baya kamfanoninsu suka shiga yin nasu kuɗin ya ƙara faɗuwa. A Satumban 2014 Gilead ta ba kamfanonin Indiya bakwai izinin yin jenerik, wato irin maganin mai araha, don ƙasashe 91, a 2015 kuma aka ba da izinin yin jenerik na daklatasbir, wani maganin da ake haɗa su tare. Masar ta gwada mutum sama da miliyan 50 tun daga 2018, a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar matakin zinare kan hanyar kawar da cutar.

Ni dai a ganina mu yanzu ba burebe ke tare mu ba, gwaji ne. Mutum bai san yana da ita ba sai ya je ba da jini a likita an ce mashi dakata, sannan lokotoro ya rubuta analiz na auna yawan ƙwayar cutar, ya ji kuɗin, ya ninke ordonansi ya sa aljihu ya nufi wajen mai sassaƙe. Shi kuma wanzamin unguwa har gobe aska ɗaya yake bin kawuna da ita.