Gidajen yarin 'yan kasuwa a Amurka: wa ke cin riba, wa ake kai wa ƙara?

Da gaske akwai gidan yarin da kamfani ke gudanarwa?

Ƙwarai kuwa. A 1983 aka kafa kamfanin CCA a jihar Tennessee, wanda ya sauya suna zuwa CoreCivic a 2016. Shi da GEO Group na jihar Florida ne manyan harkar. Kotu ke yanke hukunci, gwamnati ta miƙa fursuna, kamfani ya tsare shi, ya ciyar da shi, ya ɗauki gandirobobi, sannan a biya shi kuɗi kan kowane mutum a kowace rana. Wasu kwangilolin ma suna ɗauke da sharaɗin cewa sai gadaje sun cika kashi 80 ko 90 cikin 100. In ba su cika ba, gwamnati ta biya kuɗin gadon da babu kowa a kansa.

To su ne suka cika Amurka da fursunoni?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Kusan kashi 8 cikin 100 kawai na fursunonin jihohi da na tarayya ke hannun kamfanoni. Dokoki ne suka cika gidajen, kamfanoni suka tarar da kasuwa ta buɗe suka baje koli. Inda suka fi ƙarfi shi ne wuraren tsare baƙin haure, domin mafi yawan waɗanda hukumar shige da fice ta ICE ke tsarewa a hannunsu suke.

Ina ruwan miyagun ƙwayoyi da wannan?

A 1971 shugaba Nixon ya ayyana shaye-shaye a matsayin babban abokin gaban al'umma. Sai dokar 1986 ta ɗaure hannun alƙalai da hukuncin dole. Wanda aka kama da giram 5 na kirak, wato hodar iblis da aka dafa ta dunƙule, shekara 5 ce ba sassauci, alhali mai garin hodar sai ya kai giram 500 kafin ya sha irin wannan ɗauri. Kirak ta fi arha, ta fi yawa a unguwannin talakawa, don haka baƙar fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Sai a 2010 aka rage tazarar daga 100 bisa 1 zuwa 18 bisa 1. Har yanzu sama da kashi 40 cikin 100 na fursunonin tarayya laifin ƙwaya ne ya kai su, ko da yake a jihohi adadin bai kai haka ba ko kusa.

Kamfanonin sun san inda tuwonsu yake. CCA da kansa ya taɓa rubuta wa masu hannun jarinsa cewa sassauta dokokin ƙwayoyi na iya rage buƙatar gidajensa. Wannan ba ya nufin shi ya rubuta dokokin, amma ba zai yi murnar soke su ba.

Idan aka zalunci fursuna, wa zai kai ƙara?

Nan fa ake yin ta. A shari'ar Malesko, wani fursunan tarayya mai ciwon zuciya yana kwana a hawa na biyar a wani gidan kamfani da ke New York. An ba shi izinin hawa lif, wata rana wani ma'aikaci ya hana shi, ya bi matakala, zuciyarsa ta buga ya faɗi. A 2001 Kotun Ƙoli ta ce ba zai iya neman diyya daga kamfanin ta hanyar tsarin mulki ba. A 2012, a shari'ar Minneci, wani da ya karye a gwiwoyin hannunsa biyu a gidan yarin Taft da ke Kaliforniya ya kai ma'aikatan ƙara kan rashin kulawa. Kotu ta ce shi ma ya koma ga dokokin diyya na jiha. Wato tarayya ce ta ɗaure ka, amma da ta miƙa ka ga ɗan kwangila, wata ƙofar neman haƙƙi ta rufe.

Fursunan jiha ya ɗan fi sa'a. A 1997 kotun ta yanke cewa gandirobobin kamfani ba su da rigar kariyar da ma'aikatan gwamnati ke fakewa da ita. Sai dai tattara hujja aiki ne, saboda dokar 'yancin samun bayanai ta tarayya ba ta hau kan kamfanoni kai tsaye ba.

An taɓa kama su da laifi?

An yi. A Idaho an gano CCA yana rubuta awannin aikin gandirobobin da ba su yi ba, jihar ta karɓe gidan a 2014. A Pennsylvania kuma alƙalai biyu sun karɓi miliyoyin daloli daga masu wuraren tsare yara, aka ɗaure ɗayansu, Mark Ciavarella, shekara 28 a 2011.

Me ya hana a soke su?

Siyasa. A 2016 wani binciken ma'aikatar shari'a ya nuna an fi samun matsalolin tsaro a gidajen kwangila, gwamnatin Obama ta ce za ta janye a hankali. Gwamnatin Trump ta warware wannan a 2017, Biden ya dawo da shirin janyewar a 2021 amma bai haɗa da ICE ba, Trump ya sake sokewa a Janairun 2025. Jihar Illinois kuwa tun 1990 ta haramta su da doka.