Tsokar sharaɓa: daga ina ta taso, mene ne aikinta?

Wane nama ne wannan da ya dunƙule a bayan ƙwauri?

Tsoka biyu ce, ɗaya bisa ɗaya. Ta saman, wadda ke fitowa ɓaro-ɓaro idan mutum ya yi ɗage, ita likitoci ke kira gastirokinimiyos. Kai biyu gare ta, na ciki da na waje, kuma dukkansu a ƙarshen ƙashin cinya suka kafu, sama da gwiwa ta baya. Ta ƙarƙashinta, soliyos, faffaɗa ce, daga ƙasusuwan ƙwauri ta taso. Can ƙasa su biyun ke haɗuwa su zama agara, wadda ta kama ƙashin dunduniya. Tsawon agara ya kai kamar santimita 15 a jikin babba, kuma duk cikin jijiyoyin da ke ɗaure tsoka da ƙashi babu mai kaurinta.

To mene ne aikinta?

Ɗaga dunduniya. Duk takun da ka yi, ita ke tunkuɗa ka gaba, balle gudu da tsalle. Da yake ta saman ta ƙetare gaɓa biyu, gwiwa da idon sawu, tana kuma taimakawa wajen lanƙwasa gwiwa. Amma ƙarfinta sai gwiwa na miƙe. Masuncin da ya sheƙa da gudu zuwa kogin Matan Fada ranar bikin kamun kifi na Argungu, da ita yake aiki. Telan da ke zaune yana taka keken ɗinki kuwa gwiwarsa a lanƙwashe take, tsokar saman ta saki, yawancin aikin ya koma kan soliyos.

Me ke sa ta ɗaure cikin dare?

An fi ganin haka ga wanda ya wuni yana aikin ƙarfi cikin zafi, kamar manomin shinkafa a fadama, sai masu juna biyu da tsofaffi. Idan ta kama ka, miƙe gwiwa sosai, ka jawo yatsun ƙafa wajen ƙwauri, ka riƙe har ta saki. Da gwiwa a lanƙwashe ba za ta miƙu yadda ake so ba, tunda saman gwiwar ta kama.

Tana yagewa?

Ƙwarai kuwa, musamman kan nan na ciki na tsokar saman. Magidancin da ya daɗe bai taɓa ƙwallo ba, rana ɗaya ya shiga fili ya zabura, shi ne abin ya fi samu. Ji zai yi kamar an jefe shi da dutse ta baya, har ya waiwaya neman wanda ya yi jifar. A huta, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma, a ɗaga ƙafar. Idan kuwa ya kasa yin ɗage da ƙafar gaba ɗaya, mai yiwuwa agarar ce ta tsinke. Likita kan kwantar da mutum rub da ciki ya matsa sharaɓar, in tafin ƙafa bai motsa ba, alama ta nuna. Wannan kam ba aikin mai ɗori ba ne.

Wane ciwon sharaɓa ne bai kamata a murza ba?

Nan nake so a natsu. Tsokokin nan famfo ne, duk matsewar da suka yi suna tura jini sama zuwa zuciya. Idan aka daɗe ba motsi, a ce zaman mota daga Birnin Kebbi zuwa Legas, ko kwanciya bayan tiyata ko haihuwa, jini na iya daskarewa a jijiyar jini da ke can cikin ƙafa. Ƙafa ɗaya ta kumbura, ta ɗau zafi, tana ciwo ba tare da an bugu ba. Kada a murza, kada a yi tsaga, domin gudan jinin na iya ɓallewa ya toshe hanyar jini a huhu. Asibiti za a nufa a ranar. In har numfashi ya fara sarƙewa ko ƙirji na ciwo, ko tsakar dare ne a nemi mota.