Waiwaye: yadda makamashin gobara ya baro daji ya shigo cikin gida

Tunda hunturu ya kankama aka sake ɗauko mahawarar nan ta kowace shekara a Sakkwato, wasu na cewa yara masu farautar gafiya ne ke cinna wa daji wuta, wasu na cewa masu sharar gona ne, wasu kuma suna ta turo bidiyon gobarar Los Angeles ta Janairun 2025 suna cewa to ga Amurka ma ba ta tsira ba balle mu. Duk na ji, amma abin nan fa bai faɗo daga sama ba.

Ƙona daji tsohon abu ne, kakanni sun yi, makiyaya na yi don sabon tsiro. An zo an yi dokokin gandun daji zamanin Turawa, an yi dokar keɓe wuraren kiwo ta Arewa a 1965, sai farin 1972 zuwa 1974, sai na 1984 ga cutar bushiya da ta ci shanu a wancan tsakanin. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne ranar da kara ya zama kuɗi. Da can in an yanke gero da dawa kara a gona yake kwana, Bafulatani ya zo da garkensa ya sauka, shanu su cinye ganye su tattake sauran su bar wa mai gona taki, har manomi ne ke ba shi damen hatsi don ya daɗe. Kafin iskar hunturu ta yi ƙarfi gonar ta zama fili, ko wuta ta taso daga daji ba ta da abin ci. Bayan fari ciyawa ta yi wuya, takin zamani ya shigo, kiwon gida ya yawaita, kowa na son ya turke rago ko sa saboda layya, shi ke nan sai aka fara kwashe komai. Kara, harawa, ganyen gyaɗa, har ɓuntun shinkafa, a loda a amalanke a kawo gida, wanda ya rage a kai kasuwa.

Ka shiga ƙauye ko a bangaren Gwadabawa ko Bodinga cikin Disamba ka ɗaga kai. Harawa a kan soro, harawa a kan rumfa, an cusa wata tsakanin rassan bedi, an jingine kara jikin darni, kuma taku biyar daga nan murhu ne, ga tsohuwa da kaskon wutarta cikin ɗaki saboda ɗari. Wallahi raina na ɓaci in na ga rumbun hatsi mai jinka an kewaye shi da kara, abincin shekara guda kenan. Ba sai wuta ta iso da kanta ba, tartsatsi kawai iska za ta ɗauko, kuma ko a can Amurkan yawanci tartsatsin ne ke kama gidaje.

Sannan ginin ma ya sauya, soron ƙasa da azara da yaɓe mai kauri ba ya kamawa da sauri, yanzu kwano ne da katako da silin roba. Burtali mai faɗi da ke raba gonaki ya tsuke, da shi ke katse wuta.

Ba cewa nake a daina ajiye harawa ba, mutane da ita suke rufa wa kansu asiri. Amma a ware mata waje guda bayan gari ko nesa da madafa, a share ciyawa a bar ƙasa tsirara kewaye da rumbuna, a yaɓe darnin da ke kusa da murhu, masu gonaki maƙwabta su haɗu su share iyaka tun ana gama girbi, mai ƙona shara kuma ya bari sai iska ta kwanta ya tsaya a kai har ta mutu.